Yadda Ake Farautar Kifi da Mashi da Tukunyar Iska a Dadin Kowa, da Yadda Ake Kula da Kayan

A bakin teku na koyi nutso da tukunyar iska, lokacin da neman abinci ya kai ni Kudu. A can kana hango kifi tun daga nesa, masu cika tukunya da masu gyaran kaya kuma suna kusa. Da na dawo gida Gombe na fara shiga dam ɗin Dadin Kowa, da raini na zo: ba gishiri, ba igiyar ruwa mai jijjiga jirgi, me zai gagara? Ban yi wata guda ba ruwan ya gyara mini zama. Dam ɗin, wanda aka kammala a 1984 a kan kogin Gongola, ya shanye gonaki da daji, itatuwan kuma suna nan tsaye a ƙasa, reshe bayan reshe ɗauke da tsohuwar ragar kallin da wani masunci ya haƙura da ita. Ko a rana mai kyau, da ƙyar ka ga abin da ya wuce taku uku.

Samari, yawanci 'ya'yan masunta, sun sha tare ni a bakin ruwa suna tambayar yadda abin yake. Saboda su na zauna na rubuta wannan. Amma rubutu ba ya koya wa mutum numfashi a ƙarƙashin ruwa. Sai ka je wurin malami mai takardar koyarwa ya fara da kai a ruwa marar zurfi, kuma takardar matakin farko iyakarta mita 18. Ka yi nutso ashirin ko talatin hannu wofi kafin ka ɗauki mashi.

Kayan da za ka tanada

Tukunyar iska: ta alminiyam mai lita 11 ita ce ta fi yawa, ana cika ta wajen ba 200, ba ɗin shi ne ma'aunin matsin iska. Lambar da aka buga a kafaɗarta ita ce iyaka, ba a wuce ta.

Ragileta: tana da kai, wanda ake ɗaurawa a bakin tukunya, da baki, wanda kake shaƙa da shi. Lallai a samu baki na biyu na ko-ta-kwana, da agogon iska mai nuna abin da ya rage.

Rigar iska mai riƙe tukunya, wadda kake hurawa ko sacewa don daidaita nauyinka. Gilashin fuska, takalmin iyo, da rigar roba mai kaurin milimita 3. Kada zafin Gombe ya ruɗe ka, ruwan ƙasa a watan Janairu yana sa haƙora kaɗawa, rigar kuma tana kare fata daga ƙaya da reshe.

Ɗamarar dalma mai maɓallin da ake ɓallewa da hannu ɗaya. In ba ka samu ta kanti ba, maƙeri zai zuba maka dalma kilo-kilo, ka zura a ɗamara mai ƙarfi, amma maɓallin dole ne. Na taɓa ganin wanda ya ƙulle dalmarsa da igiya ƙullin awaki. Ranar da zai buƙaci yar da ita, ba zai samu lokacin kwance ƙulli ba.

Kwamfutar hannu mai lissafa zurfi da lokaci. Wanda ba shi da ita ya haɗa agogo mai jure ruwa da agogon zurfi da jadawalin nutso mai nuna iyakar lokacin zama a kowane zurfi, kuma ya iya karanta jadawalin tun a tudu.

Abin yanka guda biyu: ƙaramar wuƙa da almakashi. Ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu, inda kowane hannu zai kai. Doguwar wuƙar da ake ɗaurawa a ƙwauri ta ado ce, ita kanta tana kama raga. Zaren kalli ya fi jin almakashi, ko na kicin ne in yana da kaifi.

Bindigar mashi mai roba. A teku ana son doguwa, a nan gajeriya ta santimita 60 zuwa 75 ta ishe ka, tunda ba za ka harbi abin da ba ka gani ba. Mashin hannu mai roba a gindi ma yana aiki, ya kuma fi sauƙin sha'ani ga sabon shiga.

Sai tocila mai jure ruwa, da abin alama a saman ruwa mai igiyar da kake ja daga ƙasa. Gora ta yi, jarkar nan rawaya mai lita 25 ta fi, don masu jirgin inji suna hango ta daga nesa. Sai abokin nutso da mai jirgi. Su ma a cikin kayan aiki na lissafa su, in ɗaya bai zo ba an fasa.

Mataki na 1: Gaida masu wurin

Kafin ka jiƙa ƙafa, je ka gaida Sarkin Ruwa na tashar da za ka shiga. Ladabi ne, kuma wurinsa za ka ji abin da babu taswirar da za ta gaya maka: inda aka kafa kalli da mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi, a satin nan, da inda dorina take kwana. Ranar da na fara zuwa na nuna wata ƙusurwa mai ciyawa na ce, “Ranka ya daɗe, can nake so.” Ya dube ni ya ce, “Yaro, can akwai mai jego.” Dorina ce da ɗanta. Duk inda aka ce akwai dorina ko kada, ka bar musu, da rana ko da dare.

Ka kuma sanar da jami'an da ke kula da dam ɗin da na sashen kiwon kifi. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, sannan kowane wuri yana da nasa ƙa'idojin. A Faransa da Sifen ma haramun ne a haɗa tukunya da mashi, saboda yadda hakan ke ƙarar da manyan kifaye. Ko an ba ka dama, ɗauki na miya da na cefane ka bar sauran.

Bangon dam kuwa, kada ka kusance shi ko da wasa. Akwai injinan lantarki masu ba da megawat 40, da ƙofofin sakin ruwa. Inda ruwa ke kwarara ta rami daga wuri mai zurfi, yana zuƙo duk abin da ya zo kusa, ba a ganin alama daga sama, kuma babu ƙarfin ɗan'adam da zai ɓamɓare wanda ya manne. Lokacin aiki shi ne rani, bayan laka ta kwanta. Da damina ruwan ja ne kamar kunun kanwa.

Mataki na 2: Iskar da za ka shaƙa

A nan ne mu mutanen nesa da teku muka fi shan wahala, a nan ne kuma ake yin gangancin da ya fi muni. Ana cika tukunya ne da kwamfaresa ta musamman mai matatar da ke cire mai da danshi. Kwamfaresar mai faci ba ta yi, iskarta cike take da tururin mai. Iskar oksijin ta masu walda ma ba ta yi: tsantsar oksijin tana iya jawo farfaɗiya da zarar an wuce mita 6, kuma tana iya tayar da wuta a ragiletar da ba a shirya ta don haka ba.

Ko kwamfaresar ta gaskiya ce, dubi inda take zuƙar iska. In bututun yana kusa da salansar janareta, hayaƙin nan marar wari da ke kashe iyali a ɗaki rufe, shi ake ɗura maka. A ƙasan ruwa kana shaƙarsa ninki biyu ko uku. Ya taɓa faruwa da ni. Wani ya cika mini tukunya a cikin shago, janareta na ruri a bakin ƙofa. Minti goma da sauka kaina ya fara sara kamar ana buga guduma, zuciyata na tashi. Allah ya sa na yi wa abokina alama muka tashi. Tun daga ranar, ni nake tsayawa a kan cikon, bututun zuƙa a sama, ta inda iska ke tahowa, inji a can baya.

Bayan an cika, buɗe kaɗan ka sansana. Iska mai kyau ba ta da wari ba ta da ɗanɗano. Kara farin ƙyalle a bakin na 'yan daƙiƙu, in ya yi tabon mai ko danshi, a zubar da iskar a buɗe tukunyar a duba cikinta. Hancinka dai ba zai kama wancan hayaƙin ba, shi ya sa ƙaramar na'urar gwada shi ta cancanci kuɗinta. Ranar da ba ka samu iskar da ka yarda da ita ba, ɗauki fatsa.

Mataki na 3: Duba kaya tun da dare

A gida ake wannan, da fitila, ba a cikin jirgi mai tangaɗi ba. Dubi zoben robar da ke bakin tukunya. In ya tsage ko ya baje, canza shi, kuma ka riƙa yawo da guda biyar a ƙaramin gwangwani. Ɗaura ragileta, ka juya fuskar agogon iska gefe, ka buɗe a hankali har ƙarshe. Shaƙi numfashi uku masu ƙarfi kana kallon allura. In tana rawa, ko dai ba ka buɗe sosai ba ko matatar kai ta toshe. Gwada bakin ko-ta-kwana shi ma.

Sai ka rufe tukunya ka bar iska a cikin tiyo na minti biyar. In allura ta sauka, akwai yoyo. Shafa ruwan sabulu a mahaɗai za ka ga inda yake kumfa. Lanƙwasa kowane tiyo kusa da ƙarfensa, nan ne yake fara tsagewa. Hura rigar iska ta cika tam, ka ajiye ta, in ka dawo bayan sallar isha ta yi laushi, tana da huji.

Bindiga: ja robar da hannu a gaban fitila. In ka ga ƙananan tsage-tsage kamar faso, ta gama aiki. Dubi zaren da ke haɗa bakunan robar, shi ne mai tsinkewa ya fasa yatsa. Mirgina mashin a kan tebur mai santsi, in yana tsalle ya lanƙwashe. Kunnen da ke buɗewa ya riƙe kifi ya zama yana motsi ba tare da cijewa ba. Wasa tsinin da magagari, ka rufe shi da guntun tiyo.

Mataki na 4: Lissafi kafin shiga

Abin da kake buƙata daga ilimin littafi kaɗan ne. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya gaba ɗaya. A mita 10 kana shan iska ninki biyu na tudu, a mita 20 ninki uku. Tukunya mai lita 11 a ba 200 tana ɗauke da lita 2,200. Cire ba 50 da ba a taɓawa, saura lita 1,650. Mutum mai natsuwa yana shan wajen lita 20 a minti a tudu, wato 40 a mita 10: minti 40 ke nan da 'yan kai. A mita 20 bai kai rabin awa ba. Mai bin kifi da gudu kuwa yana iya shanye ninkin haka. Ni dai a ruwan nan, da allura ta nuna 100 na juya, da 70 na fara tashi.

Abu na biyu shi ne naitirojin, wani sashe na iskar da muke shaƙa, wanda ke narkewa cikin jini gwargwadon zurfi da daɗewa; in ya yi yawa sai ya zama kumfa a jiki idan an tashi, wannan shi ne ciwon nutso. Jadawalin da aka fi amfani da shi ya ba da minti 56 a mita 18, minti 20 kacal a mita 30. Kada ka je kusa da waɗannan iyakoki. Ɗakin matsin da ake jinyar ciwon nutso a cikinsa kayan masu aikin teku ne, tsakaninmu da shi tafiyar yini ce cur. Ni na yanke wa kaina mita 15 a Dadin Kowa, kuma giwan ruwa da ragon ruwa ba su taɓa ƙaranci a wannan zurfin ba.

'Yan Bauchi masu shiga dam ɗin Gubi su lura: jadawalin an yi shi ne don ruwan da bai wuce mita 300 sama da teku ba, garin Bauchi kuwa ya kai wajen mita 600. Sai an saita kwamfuta daidai da tsayin wurin, ko a rage lokaci bisa jadawalin wurare masu tsayi.

Ku yi magana da mai jirgi dalla-dalla. Nawa dattijo ne, tun ina yaro yake su. Nakan ce, “Baba, minti arba'in. Ka bi jarka. In na ja igiya sau huɗu, matsala ce.” Inji a kashe muddin akwai mutum a ruwa. Ba shi lambar wayar gida da kuɗin mota na gaggawa.

Mataki na 5: Shiga da sauka

Daga jirgi za ka shiga, a wuri mai zurfi. Gaɓa mai ciyawa ita ce gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, kuma duk mai yawan shiga ruwan nan ya riƙa zuwa gwajin fitsari. Tofa yawu a cikin gilashin ka goge ka ɗauraye don kada ya yi hazo. Sabon gilashi a fara wanke shi da man goge baki.

Wanda ya saba da teku ya rage dalma kilo biyu ko uku, ruwan daɗi ba ya ɗaga mutum kamar na gishiri. Gwajin shi ne: ka sace rigar iska, ka riƙe numfashi na daidai, ruwa ya tsaya maka a ido. Ka shiga hannu wofi, mai jirgi ya miƙo bindiga ta gindi, ba a ɗane ba. Ku sauka ta igiyar anga, ƙafa a ƙasa, kana toshe hanci kana hurawa a hankali tun daga mitar farko. In kunne ya ƙi, ɗan tashi ka sake. Mai mura ya zauna a gida.

Mataki na 6: Farautar kanta

A cikin ruwa ake ɗana bindiga, a cikin ruwa ake sauke ta. Ɗananniyar bindiga ba ta hawa jirgi, kuma ba a harba ta a tudu ko don gwaji, mashin yana iya kai ƙarshen igiya ya dawo kanka. Mutum ɗaya ne ke riƙe bindiga a kowane nutso, abokinsa yana bayan kafaɗarsa da tocila, kusa yadda zai taɓa shi. Bindiga biyu a ruwan da ba a ganin juna, neman magana ne. Abin da ba ka ga kansa da wutsiyarsa ba, kada ka harba. Inuwa tana iya zama ƙafar abokinka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna da 'ya'yan masunta. Kun tashi kuna nutso da numfashi ɗaya, jikinku ya haddace riƙe numfashi. Da tukunya, wannan gwanintar ita ce abin tsoro. Iskar da ka shaƙa a mita 10 tana kumbura ninki biyu kafin ka kai sama. In ka riƙe ta ka tashi, huhu yana yagewa, kumfa ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. A kusa da sama, tashin mita ɗaya ko biyu da cikakken huhu ya isa. Farauta kuma tana jawo wannan kuskure da kanta: ka ga kifi, ka san kumfarka za ta kore shi, sai ka ɗauke numfashi, huhun da ya cika ya fara ɗaga ka ba ka sani ba. Maganinsa shi ne ka durƙusa ko ka dafa wani abu, kana sakin iska siriri-siriri ba yankewa. In kifin ya gudu, ya gudu.

Ka nufi bayan ido, saman marfin kunne. Giwan ruwa babba in ba ka same shi a nan ba zai ja ka, kuma kai tsaye cikin itatuwa yake nufa. Kada ka taɓa ɗaure bindiga ko igiyarta a jikinka, kada ka naɗe igiya a hannu. In ya fi ƙarfinka, saki. In bindigar tana haɗe da igiyar jarka, Baba zai ɗauko muku ita daga sama. In kifi ya yi ƙasa, kada ka bi shi wuce zurfin da kuka yanke, in ya yi sama kada ka bi shi da gudu.

Kifin da ka kashe ka zura shi a igiyar jarka, kada ka rataye shi a ƙugu. Kurungu da ragon ruwa suna da ƙaya mai dafi a baya da gefe, a kama su da safar hannu ta bayan ƙayar. In ta soke ka, tsoma wurin a ruwa mai zafin da za ka iya jurewa, a wanke sosai. Minjirya kuwa a bar ta, girgizarta tana iya fizge maka ragileta daga baki. Kada ka zura hannu cikin kogon da ba ka haska ba. Bayan kowane harbi, kafin ka dubi kifin, dubi agogon iska.

Mataki na 7: Idan raga ta kama ka

Za ta kama ka, ko ba jima ko ba daɗe. Ni a mita 12 ta same ni, ina bin wani ragon ruwa a gindin matacciyar bishiya. Na ji an riƙe ni ta ƙeya kamar yaro ya ja rigar babansa. Kallin ya sarƙe a kan tukunya, daidai inda ido ba ya kaiwa. Abin da jiki ke so shi ne ka juya ka duba, kuma juyawar ce take naɗe ka kamar dawo a ganye. Na tsaya cak. Na yi numfashi uku, na dubi allura, 120. Na ƙwanƙwasa tukunya da gindin wuƙa, abokina ya matso ya yanke zare bakwai ko takwas da almakashi, muka fita.

Tsarin ke nan: tsaya, numfasa, dubi iska, kira aboki. Sauke robar bindiga ka ajiye ta. Gwada ja da baya ta inda ka shigo. In kai kaɗai ne za ka yanka, zare ɗaya-ɗaya, nesa da tiyo. Cire rigar iska don kwance tukunya shi ne na ƙarshe, kuma sai wanda ya gwada shi sau da yawa a gaban malami. Mamari ya fi kalli sharri saboda ƙugiyoyinsa. In ƙugiya ta shiga riga ko fata, yanke zarenta ka tafi da ita, a cire a tudu. Kada ka hura riga don fizge kanka, in zaren ya tsinke za ka harba sama kamar gora.

Mataki na 8: Tashi

Sauke robar bindiga tukuna. Ka tashi ta igiya, kada ka wuce mita 9 a minti, kana sace rigar iska kaɗan-kaɗan tunda ita ma kumbura take. A mita 5 ka tsaya minti 3. Saurari ƙarar inji, ɗaga hannu sama, ka fito kusa da jarka. Da ka fito hura riga, miƙa bindiga ta gindi, sannan dalma, sannan kai.

Ka huta aƙalla awa guda kafin nutso na biyu, kuma na biyun ya fi na farko rashin zurfi. Bayan tukunya kada ka koma nutson numfashi ɗaya a ranar, ko don ciro anga. Jirgin sama sai bayan awa 12 in nutso ɗaya ka yi, awa 18 in ya fi haka. Hawan mota zuwa Jos, mai tsayin sama da mita 1,200, shi ma ka ɗauke shi kamar jirgin sama, ka kwana tukuna.

Mataki na 9: Idan jiki ya ba da alama

Ciwon kafaɗa ko gwiwar hannu mai zurfi, jin ƙaiƙayi ko mutuwar sashen jiki, jiri, kasala marar dalili, tabo a fata, riƙewar fitsari: duk wanda ya ji ɗaya daga ciki cikin awannin da suka biyo nutso, a ɗauka ciwon nutso ne. Wanda ya suma ko bakinsa ya karkace da fitowarsa, kumfa ce ta shiga jini. Mutanenmu za su ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi. A yi masa addu'a a cikin mota, ana tafiya. A kwantar da shi a miƙe, a ba shi oksijin na asibiti in akwai, a ba shi ruwa in yana cikin hayyacinsa. Ba a gasa masa jiki, ba a yi masa tausa, ba a mayar da shi ruwa wai don kumfar ta narke. A wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a gaya wa likita zurfin da lokacin, a tafi da kwamfutar.

Mataki na 10: Wanki da ajiya

A teku gishiri ne ke cin kaya. A nan laka ce da ƙura da zafi. Da isa gida ɗauraye komai da ruwan famfo ko na burtsatse. Ragileta ta fi son a wanke ta tana ɗaure a tukunya da iska a ciki. In ka cire ta, busar da murfin kai ka rufe shi tam, kuma kada ka danna maɓallin bakin tana cikin ruwa, ruwa zai bi tiyo ya shiga kai. Zuba ruwa a cikin rigar iska ta bututunta, girgiza, zubar, ka hura ta rabi ka rataye. Wanke maƙunnin bindiga har yashi ya fita, shafa ɗan mai a mashi kaɗai.

A inuwa ake shanya. Rana tana cin roba, haka kuma zafin ɗakin kwano a watan Afrilu, da iskar kusa da inji da fetur. Robar bindiga nakan cire ta in sa a leda in ajiye a wuri mafi sanyi a gidan. Zoben roba ba ya son gires ko basilin ko man inji, man silikon kaɗai, shi ma ɗan shafi. Kyankyaso da ɓera suna son gefen gilashin fuska da abin cizon ragileta. Na taɓa buɗe jaka na tarar an yi wa sabon gilashi cin ƙosai. Bokitin fenti mai murfi, wankakke, ya raba ni da su, ya kuma tare ƙurar hunturu.

Tukunya kada ta yini a but ɗin mota cikin rana, zafi yana ƙara mata matsi. A mota a kwantar da ita a tokare, a gida a tsayar da ita inda yara ba za su ture ba. Kada ka shanye ta ƙaf, bar mata ba 20 zuwa 30 don danshi kada ya shiga. Kada a kai ta wurin mai walda ko mai fentin da ke gasawa da wuta, zafi yana kashe ƙarfin alminiyam.

Mataki na 11: Abin da ba a yi a gida

Cikin ragileta ba aikin makanikin babur ba ne, ko da hannunsa na da kyau. Sau ɗaya a shekara take zuwa wurin wanda ya koyi irinta, da kayan canji na kamfaninta. Tukunya a buɗe a haska cikinta kowace shekara, gwajin matsi da ruwa kuma kada ya wuce shekara 5, ana buga kwanan watan a kafaɗarta. In za ka sayi ta hannu, wannan tambarin za ka fara nema, in babu ka bar musu kayansu komai arha. Ni a watan Yuli nake haɗa nawa in aika Legas, tukunya babu iska, ragileta a naɗe cikin tawul. Kafin ruwa ya washe a ƙarshen shekara sun dawo, in sake gwada su a ruwa mai zurfin ƙirji kafin in kira Baba.